Rantsuwar Iliyasu Mai Juya Layi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da dabba, sannan ya ɗora masa haƙƙin duk mai rai da ke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a damina ta huɗu da samun 'yancin kai, ma'aikata suka shiga yajin aiki a kan batun albashi. Ikko ta yi wani irin tsit da ban taɓa jin irinsa ba; daga Ijora har Agege babu kukan jirgin ƙasa ko ɗaya. Mu kuwa a Zangon Agege, kullum bayan la'asar sai gardama ta kaure a barandar masallaci. Alhaji Na'Allah, babban dillalin shanu a kara, yana kan cewa a kafa doka ta haramta yaji, a ɗaure duk wanda ya ajiye aiki. Iliyasu, wanda aikinsa a tashar Agege shi ne juya ƙarfen da ke sauya wa jirgi layi, yakan amsa masa cewa ɗan ƙwadago ba bawa ba ne, kuma wanda aka hana shi cewa a'a, to i ɗinsa ma ba ta da daraja.

“Kai da aikinka bai wuce ture ƙarfe guda ba,” in ji Alhaji, “har kana da bakin magana a kan doka?”

“Ranka ya daɗe, ƙarfe gudan nan ne ke kawo maka shanu har ƙofa.”

Tun ranar farko ma'aikatan tashar suka ɗaure kansu da rantsuwa. Musulminsu suka yi alwala suka dafa Alƙur'ani, Kiristocinsu suka dafa nasu littafin, cewa babu wanda zai taɓa aiki sai ƙungiya ta yi umarni. Wanda ya saɓa kuwa sunansa maci amana: ba a cin abinci da shi, ba a zuwa sunan ɗansa, ba a amsa sallamarsa.

To, ashe a safiyar da aka fara yajin an ajiye taragu huɗu na shanun da Alhaji Na'Allah yake jira daga Nguru a wani layin gefe, aka cire kan jirgin aka tafi. Wurin tudu ne, ga kwalbati mai zurfi a gefensa, ba a iya sauke dabba ba tare da ta karye ba. Dandamalin saukewa yana can gaba, kimanin taku ɗari uku, kuma ba a kai gare shi sai an juya ƙarfen Iliyasu. Masu rakiyar shanun suna zura ruwa a gwangwani ta tsakanin katako, na gaba su sha, na baya a tattake su. Na je da kaina na gani: ruwan sama yana zuba a kan rufi, shanu suna miƙa harshe suna lasar abin da ke gangarowa. A rana ta uku biyu suka faɗi.

Bayan sallar asuba Iliyasu ya same ni, da yake ni nake jan sallah a masallacin, ya durƙusa, ya ce kukan shanun nan ya hana shi cin abinci, ga kuma rantsuwa a wuyansa. Na gaya masa abin da malamanmu suka karantar da mu, cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, to ya aikata alherin ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Na ce masa wannan shi ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da abokan aikinsa za su yi masa kuwa, ba ni da lamuni a kansa.

Da hantsi ya nufi tasha, na bi bayansa. Ma'aikata sun fi ɗari zaune a bakin ƙofa. Bai saci hanya ba. Ya tsaya gaban shugabansu, wani Bayarabe Kirista da ake kira Oga Folarin, ya faɗa masa da Yarabanci abin da zai yi. Folarin ya ce ƙungiya ba ta ba da izini ba, kuma in ƙarfen nan ya motsa, gobe za a baza cewa Agege ta karya yaji. Sai ya tambaye shi mene ne hukuncin mai saɓa rantsuwa a addininsa. Iliyasu ya faɗa masa, ya juya ya shige.

Ya yi bisimilla, ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya kwantar da shi. Ƙarar ta isa har bakin ƙofa. Amma babu kan jirgi da zai ja. Sai bawan Allah nan ya je bayan tarago na ƙarshe, ya kafa kafaɗarsa, ya fara turawa shi kaɗai. Ƙafafunsa suna zamewa a kan tsakuwa, tarago ko gezau. Ya sake kafawa.

Folarin ne ya fara tashi. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙofa, ya je ya sa kafaɗarsa kusa da ta Iliyasu. Sai na ga mutane sun miƙe sahu-sahu kamar an tayar da iƙama. Tsarki ya tabbata ga Allah! Taragu huɗu maƙare da shanu, nauyin da sai wuta da tururi ke jan sa, suka yi ƙara, suka motsa, suka gangara a hankali bisa kafaɗun mutane masu jin yunwa har bakin dandamali. Aka buɗe, shanu suka fito suna tangaɗi, suka kafa kai a kwamin ruwa suna sha. Ni kuwa ba abin da bakina ke iya furtawa sai tasbihi.

Alhaji Na'Allah ya matso idanunsa jajur, ya ce zai yanka bijimi a ciyar da miskinai a madadin kaffarar. Iliyasu ya ƙi. Ya ce in ya karɓa, to ya zama an biya shi ladan aiki ke nan, shi kuwa yana yaji. Zai yi azuminsa. Ya mayar da ƙarfen yadda yake, ya tsaya yana jiran hukunci.

Folarin ya dubi jama'a ya ce duk wanda ya taɓa taragon nan ya saɓa rantsuwa, saboda haka wanda kafaɗarsa ba ta da tsatsa ya fito ya nuna maci amana. Ba wanda ya fito. Sannan ya ce da gurguwar Hausarsa, “Mallam Iliyasu, kwana uku ka ce? To, mu duka ne.”

Suka koma bakin ƙofa suka zauna, yaji ya ci gaba. Kwana uku Musulmi da Kirista suna zaune bakinsu a bushe, sai ladan ya kira magariba su buɗe baki da kunun da matan Zango suke kaiwa. Alhaji bai janye ra'ayinsa a kan doka ba har ya koma ga Allah, amma ban sake jin ya ambaci ɗauri ba.

Allah ya jiƙan Iliyasu da Alhaji Na'Allah da sauran magabatanmu, ya yalwata musu kabari, ya saka wa duk wanda ya sa kafaɗarsa a ranar nan. Kai kuma mai karatu, Allah ya nuna maka alheri a lokacin da ya yi nauyi, ya ba ka ikon ɗaukarsa. Amin.