A Bari Truus Ta Ƙarasa

Farfesa Saskia Veenhoven ta daɗe tana zagaya ƙasar Holand da wa'azi guda ɗaya: likitoci ba sa barin mata su gama magana. Ta faɗa a taruka, ta faɗa a rediyo, ta rubuta a mujallun likitoci har ta gaji. Gaskiya kuwa take faɗa. Sai dai akwai abin da kowa ya sani a asibitin jami'ar, ita kaɗai ce labarin bai kai wa ba, wato babu mahaluƙin da ya taɓa kai ƙarshen zance a gabanta. Mijinta ya gwada na wasu shekaru, da ya ga ba ci, ya koma gyaran tsofaffin kekuna a bayan gida.

Amma fa a ɗakin tiyata ba a raina ta. Ita ce ta yi wa Truus Dekkers aiki. Truus mai sayar da soyayyen kifi ce a kasuwar Asabar, mace mai faɗin kafaɗa da dariya mai ƙarfi. Ta yi kusan shekara tana zuwa wurin likitan unguwarsu tana cewa siket ɗinta ya fara matse ta, kafin ta ƙara kalma sai ya ce girma ne, ta rage cin dankali. Da aka tashi ganowa, ciwon daji ne a ƙwan haihuwarta, har ya yi nisa. Saskia ta cire abin da za a cire, aka yi ta ƙarin ruwan magani, gashin Truus ya zube ya sake tsirowa fari fat, ta koma kan kaskonta.

Sai ga wata ɗalibar likita, Ilham Azarkan, ta rubuta kundin digirin dakta a kan matan unguwannin talakawa da ba a gano cutarsu sai ta ci jiki. Truus na cikin matan da ta yi hira da su, suka shaƙu ƙwarai. A al'adar jami'o'in nan, ranar da ɗalibi zai kare kundinsa, mutum biyu ke tsaya masa a baya kamar ƙawayen amarya, kuma mai tambaya yana iya sa ɗayansu ya karanta jimla guda daga ra'ayoyin da ɗalibin ya liƙa wa kundin. Ilham ta zaɓi ƙanenta da Truus, ta kuma sa maganar Truus ɗin, yadda ta fito daga bakinta, a cikin ra'ayoyin.

Truus ba ta nemi komai ba sai wannan: ta tsaya gaban manyan likitoci, ta faɗi jimlarta, ta kai ƙarshe. Saskia ce ta ƙarshe a jerin masu tambaya, ita ce kuma ta yi alƙawarin kiranta. Ta yi alƙawarin ne ranar da Truus ta zo a duba ta a asibiti, ta kuma yi shi da tsawo, da bayani, da tarihin al'adar tun daga kakanni, har lokacin ganin likita ya ƙare ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Ranar kare kundin aka tashi da yayyafi. Saskia ta jingine kekenta, ta zura baƙar alkyabbar farfesoshi da hular karan-miski da ke sa ta zufa a goshi, ta ci karo da Truus a baranda cikin sababbin baƙaƙen kaya.

"Likita, dama ina son in ce miki, wannan siket ɗin..."

"Ya yi miki kyau, Truus! Baƙi na karɓar ki. Kada ki ji tsoron kowa, duk waɗannan masu hulunan ni na san su tun suna ɗalibai. Ina kiran ki, ki matso, ki ɗaga murya. Yau kam sai sun ji ki."

"To, Likita," in ji Truus.

Wanda kowa ke tsoro a wannan taro shi ne mai sanda. Ma'aikacin jami'a ne, shi ke shigo da malamai cikin jerin gwano, ya fita ya ja ƙofa. Idan lokacin da aka yanka ya cika, sai ya dawo, ya buga sandarsa mai ƙararrawa a ƙasa, ya yi shela da Latinanci cewa lokaci ya yi. Ko wa ke magana, ko a tsakiyar wace kalma yake, nan zancen ya mutu. Mutanen nan ba sa wasa da agogo, suna ma alfahari da hakan.

Aka fara. Ilham ta tsaya daram tana amsawa, ƙanenta da Truus a bayanta. Wani tsohon farfesan ƙididdiga ya ɗauko tambaya ya yi ta jan ta kamar igiyar rijiya, Saskia na ta tsaki a ranta. Wasu mutanen, ta ce wa kanta, ba su san lokacin da ya kamata su yi shiru ba.

Da layi ya zo kanta, niyyarta ta yaba wa ɗalibar a taƙaice ta kira Truus. Ta miƙe, ta gyara alkyabba, ta ce kundin ya burge ta. Sai ta ga ya dace ta faɗi dalili. Dalilin ya tuna mata lokacin da take ita kaɗai ce mace a ɗakin tiyata, ana ce mata ta kawo kofi. Kofin ya kai ta ga wani taro a Kopenhagen inda ta tsayar da zaure guda cak. Daga nan ta gangaro kan matan da ba su iya yaren ƙasar ba, da matan ƙauye, da matan da ake ce wa ciwonsu a kai yake. Duk gaskiya ne, duk kuma ta faɗa da daɗin baki, har tana jin muryarta na dawo mata daga rufin zauren tana ƙara mata ƙarfi. Ilham ta yi tari. Ta sake yin tari, ta kalli agogon bango, ta kalli Farfesa da idon roƙo. Saskia ta ɗauka yarinyar motsuwa ta yi da jawabin.

"Saboda haka," ta ce daga ƙarshe, "ina roƙon mai rakiya, Malama Truus Dekkers, ta karanta mana ra'ayi na ƙarshe."

Truus ta matso gaba. Ba ta ko kalli takardar ba.

"Mace idan ta ce wa likita jikinta ya canza, to..."

Ƙofa ta buɗe. Ƙararrawa ta yi kuka, sanda ta daki ƙasa, mai sanda ya yi shelarsa.

Kowa ya miƙe. Saskia ta san abin da ya kamata: ta ƙi motsi, ta ɗaga hannu, ta ce a dakata matar nan ta ƙarasa. Ita ce fa mai tsayar da zaure a Kopenhagen. Amma na gabanta ya taka, na bayanta na jira, sai ta ga ƙafafunta sun bi layi salin-alin, hula a kai, ta wuce ta gaban Truus idonta a ƙasa.

An ba Ilham digirinta, da yabo ma. A ɗakin walima mutane suka yi layi suna sumbatar ta a kumatu, mahaifiyarta na kuka tana rarraba alawar da ta toya a gida. Saskia ta hango Truus a gefen taga ita kaɗai, ta nufe ta da kunya fal ciki.

"Truus, ban san da wane ido zan kalle ki ba. Laifina ne. Ko da yake in an bi ta gaskiya wancan tsohon ne ya cinye rabin lokacin, amma ba zan fake da shi ba. Ni da na yi rayuwata kaf ina faɗa a kan wannan abu! Kin san akwai binciken da ya nuna..."

"Kada ki damu, Likita. Na saba."

Maganar ta soki Saskia, amma ko sukar ba ta rufe mata baki ba, sai ma ta ja numfashi za ta yi bayanin yadda ta soke ta. Daidai nan mai rabon abinci ya zo wucewa da faranti na bitabal, ƙwallayen naman nan da ake soyawa a kowace walima. Truus ta ɗauki ɗaya, ta dangwala a miyar mustad mai yaji, ta miƙa mata.

"Ungo, ci wannan. Tun safe kike aiki."

Yaron goye ma a ƙasar nan ya san ba a jefa bitabal a baki gaba ɗaya, domin bayansa ya huce amma cikinsa wuta ne. Farfesa, hankalinta na kan jimlarta ta gaba, ta jefa shi duka ta tauna. Idanunta suka kawo ruwa. Ba dama ta tofar a gaban shugaban tsangaya, ba dama ta haɗiye. Ta tsaya baki a kumbure tana hura iska ta hanci.

"Yawwa," in ji Truus. "Ni da na yi rayuwata a bakin kasko, na san wanda ya fito yanzu. Ga abin da na zo faɗa. Mace idan ta ce wa likita jikinta ya canza, to a yi shiru a bar ta ta ƙarasa, don ita ke kwana a cikinsa. Shi ke nan. Ba shi da tsawo, ko?"

Saskia ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta, rabi na zafi.

"Saura magana ɗaya." Truus ta ɗan juya wa jama'a baya, ta ɗaga gefen rigarta. Zif ɗin siket ɗin a buɗe yake, an kama bakinsa da babban fil. "Wannan da kika ce ya yi min kyau. Da bazara na saye shi don wannan rana, har da sarari. Yanzu ba ya rufuwa. Kuma ba na cin dankali, Likita, loma biyu nake yi in ji na ƙoshi. A asibiti na fara gaya miki. Ɗazu ma na fara."

Saskia ta kalli cikin Truus. Ta ga irinsa ba adadi, ba ta buƙatar hoto ya gaya mata abin da ya kamata a ji tsoro, wato dawowar ciwon. Ta haɗiye naman, ya bi maƙogwaronta yana ƙuna. Yanzu bakinta babu komai, kuma tambayoyi sun taru a kan harshenta, da sunayen gwaje-gwaje, da ban haƙuri, da alƙawarin gado gobe da safe.

Ta cire hular, ta jawo kujeru biyu, ta zauna a ɗaya.

Truus ta zauna a ɗayar. Ta yi shiru da gangan tana kallon ta, tana jiran a tari numfashinta kamar kullum. Shirun ya yi tsawo, Farfesa ta ciji leɓenta da ya ƙone, ba ta ce uffan ba.

"To," in ji Truus, ta gyara zama. "Abin ya fara ne da dare ɗaya da na kasa kwanciya ta gefen dama."