Tsakuwa a Naman Kaka

"Kaka, me ya sa namanka yake da tsakuwa?"

Linnea ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara huɗu, ranar Lahadi muna cin abincin rana a gidan surukina Arvid. Ta tofo wani abu a tafin hannunta ta miƙa masa ta saman kwanon wake. Ɗan mitsitsi ne, toka-toka, bai kai kan ashana ba.

Arvid ya ɗauka ya danna da farce, abin ya lotse. Ya yi dariya.

"Ba tsakuwa ba ce, sarauniyar tambaya. Guntun harsashi ne. Wanda ya tsinta shi ne mai sa'ar gida. Ubanki ya haɗiye irinsa ya fi a ƙirga, ga shi nan ƙato, lissafi ne kawai bai iya ba."

"Wannan kuma gado na yi, Baba," in ji mijina Royce, ko kai bai ɗago ba.

Suka yi dariya. Ni ban yi ba, cikina wata biyar. Na karɓi abin na naɗe a takardar goge baki na sa a aljihu, na janye kwanon Linnea na ba ta burodi da man shanu.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin farauta ne. Tun ina 'yar makaranta nake sa riga ruwan lemo in hau bishiya kusa da mahaifina, ƙafafuna suna daskarewa, muna jiran barewa. A arewacin Minnesota duk wanda na sani haka ya tashi. Namanta ne abincinmu daga Nuwamba har ƙanƙara ta narke, balle bana da aka rage wa Royce aiki a kamfanin katako. Sai dai mahaifina yakan yanke wurin harbi da faɗi ya yar. Arvid ba ya yar da komai. Cikin rashi ya tashi, ko ƙusa ce ta lanƙwashe sai ya miƙe ta ya adana. Yakan kankare baƙin jinin da wuƙa, sauran duk ya tura injin niƙa a garejinsa, ya naɗe ƙunshi ƙunshi a farar takarda ya cika mana firiza. Linnea ba ta son tsoka, niƙaƙƙen take so. Tun haƙoranta biyu take cin sa.

Cikin makon na kai ta asibiti aka ɗebi jininta, aka ɗebi nawa. Da sakamako ya fito likitar ta zaunar da ni.

"Akwai dalma a jininta. Bai kai a kwantar da ita ba, amma a jikin yaro babu wadda za a ce ba komai. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, a hankali. Naki ma ya ɗan ɗaga. Tsohon fenti a gidanku? Tsoffin bututun ruwa?"

Na ce gidan sabo ne, rijiyar ma an gwada ta bara. Na buɗe mata takardar da ke aljihuna. Ta duba, ta ce ba za ta rantse ba, amma daga nan za ta fara zargi.

Ni kuwa zargi bai ishe ni ba, na san wanda zan je in fuskanta. Na ɗauki ƙunshin nama daga firiza na kai wa likitar dabbobin da ke duba karenmu, na roƙe ta ta ɗauke shi hoto da na'urar duba ƙashi. Hoton ya fito baƙi, da fararen ɗigo warwatse ko'ina kamar an barbaɗa gishiri. Ta ce harsashin dalma in ya bugi ƙashi tarwatsewa yake yi, ɓarɓashin ya yi nisa da ramin, injin niƙa kuma ya gauraya shi da sauran. Wanda haƙori ya ji shi ne babba. Ƙananan ba a jin su.

Royce ya daɗe yana kallon hoton a kicin.

"Maren, bari ni in yi wa Baba magana. A hankali."

"Yaushe?"

"In ya huce daga gajiyar farauta."

"Kai da Baba in kun haɗu, maganar taya da yanayi kuke yi. Ni zan je."

Na tsaya a shagon kayan farauta na sayi kwalin harsashin jan ƙarfe daidai bindigar Arvid. Ya fi tsada, amma ba ya farfashewa. Na same shi a gareji yana wasa wuƙa. Na ajiye hoton da kwalin a kan tebur, na faɗa masa abin da likita ta ce.

Ya ɗaga hoton a hasken taga. Ya ajiye.

"Wato guba nake ba jikata."

"Ban ce da gangan ba, Baba."

"Yara uku na ciyar da wannan naman. Uwarsu ta ci har ta koma ga Allah, ba shi ya kashe ta ba." Ya ture kwalin da bayan yatsa. "Wannan kuma na 'yan birni ne. In na harbi barewa da shi ta gudu da rauni ta mutu a fadama, wa ya ci riba?"

"Yana kisa, Baba. Sai dai a sake saita madubin bindiga, don ba wuri ɗaya yake faɗawa da tsohon ba. Zan raka ku filin gwaji."

"Ke za ki koya mini saiti."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Na bar masa kwalin a kan tebur na fita.

Washegari ya zo da motarsa, bai zauna ba, bai karɓi kofi ba. Ya kwashe niƙaƙƙen naman kaf daga firizarmu ya zuba a kwanduna. Linnea ta biyo shi har ƙofa tana jan rigarsa.

"Kaka, ina za ka kai namana?"

"Tambayi uwarki, sarauniya."

Na ɗauka shara zai kai. Da yamma Verna, matar da ke kula da rabon abinci a cocinmu, ta kira ni a waya tana godiya. Wai Arvid ya ce gobe zai kawo nama mai yawa, ta riga ta ware wa gidajen da ke da yara ƙanana.

Na bar Linnea da ubanta na tuƙa zuwa gidansa, dusar ƙanƙara tana zuba. Kwandunan suna bayan motar, ya rufe su da tamfol.

"Baba, ba za a kai shi coci ba."

"Kin ce ba kya so. Akwai masu so."

"Yaran wasu ne za su ci."

"Yaran wasu yunwa suke ji, 'yata. Ke ba ki taɓa kwana da ita ba." Ya ɗaure igiyar tamfol. "Barewa ta ba da ranta, in zuba ta a shara? Ban taɓa yi ba."

"To ku faɗa wa Verna abin da ke ciki, ku nuna mata hoton. In ba ku faɗa ba, ni zan faɗa. Na fi so ta ji daga bakinku."

Ya juyo ya kalle ni sosai. Shi ne mutumin da ya sassaƙa wa Linnea gadon jariri da hannunsa, ya zauna a harabar asibiti ranar da na haife ta yana murza hularsa. Na san a garin nan, in aka ji naman Arvid Lahti ba ya ciyuwa, ba ƙaramin abu na karɓe masa ba.

"Har kunya za ki ba ni a coci," ya ce.

"Ba na so. Amma zan yi."

Muka tsaya, ƙanƙara tana taruwa a kan tamfol ɗin. Can ya fara kwance igiyar da ya ɗaure. Ya sauke kwando ɗaya ya kai cikin gareji.

"Wannan nawa ne. Ni na tsufa, ƙwaƙwalwar da ta rage ba ta da yawa."

Na so in yi gardama, na fasa. Sauran muka kai juji tare, don in an zubar a daji gaggafa da karnuka za su ci. Shi ya jefa su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, bai bari na taɓa ba. Verna kuma ya ce mata firiza ce ta lalace.

Tun ranar bai kira mu cin abincin Lahadi ba. Royce ya je ya dawo ya ce kwalin jan ƙarfen yana nan kan tebur, ba a buɗe ba, ba a kuma yar ba. Farauta sai wata shekara. Ban san me zai ɗura a bindigarsa ba, na dai san abin da zai shiga firizata.

Tsokar cinya da ta baya, nesa da wurin harbi, Royce ne yake ci. Ni da Linnea kaza da wake, da ƙwayar ƙarin jini da likita ta rubuta. Za a sake gwada ta da bazara. Likita ta ce adadin zai sauka. Abin da ya riga ya taɓa kuwa, ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban iya tambaya ba. In Linnea ta manta sunan wani launi, ko ta fashe da kuka ba dalili, sai in tsaya da cokali a hannu ina kallon ta. Wataƙila ƙuruciya ce kawai. Jiya ta tambaye ni ko Kaka fushi yake yi da ita don ta tofar da sa'arta.

Kai mai bindiga, ke mai dafawa, ku ji ni. In akwai ƙaramin yaro ko mai ciki a teburinku, kada ku ba su naman da harsashin dalma ya ratsa, musamman niƙaƙƙe. Ku koma jan ƙarfe, ku gwada shi a allo kafin ku shiga daji. Ku yanke wurin harbi da faɗi ku binne, kada ya kusanci injin niƙa. In wani ne ya kawo muku naman, ku tambaye shi da me ya harba, ko da surukinku ne, ko da zai daina gaishe ku. Kada ku jira sai yaro ya tofo wani abu a hannunsa, domin kafin nan ya daɗe yana haɗiyewa.