Liƙin Mai Sifika

Shekara ashirin Datti mai kukuma yana ciyar da iyalinsa da waƙar biki a Kaduna, kafin waya ta zo ta ƙwace masa sana'a yana ji yana gani. Waƙarsa ta amare tana cikin kowace waya daga Kawo har Rigachikun. Wanda ya ɗora masa ita a intanet ya ce an saurare ta sau miliyan biyu. Miliyan biyu fa! Amma abin da ya shigo hannun Datti ko buhun masara bai saya ba. Gayyata ma ta ɗauke, don masu biki sun gane DJ ya fi araha, kuma ba ya zuwa da makaɗa shida masu cin tuwo.

Makaɗan Datti duk sun watse, saura Idi mai kalangu. Shi ma, ranar da Hajiya Bara'atu ta Unguwar Rimi ta kira su bikin 'yarta, cewa ya yi, "Maigida, in yau ba a samu liƙi ba, ni keke napep zan kama."

Da la'asar suka isa, suka tarar DJ Sharhabil ya riga ya kafa sifikoki. Hajiya ta ja Datti gefe.

"Malam Datti, ajiye kukumar nan. Yara sun fi son waƙarka ta waya. DJ zai saka, kai kuma ka riƙe makirfo kana motsa baki, a ɗauki bidiyo."

"Hajiya, da raina da muryata?"

"Haba Malam, ai duk kai ne."

Datti ya dubi Idi, ya karɓi makirfon da ba a kunna ba. Muryarsa ta tashi daga sifika, shi kuwa yana ta buɗe baki kamar kifi. Mata suka rangaɗa guɗa, suka yi ta liƙa masa 'yan ɗari biyar-biyar har suka rufe masa takalmi.

Ana gamawa Sharhabil ya zo da jaka, ya tsugunna yana kwashewa.

"Kai, lafiya?" in ji Datti.

"Baba, ka san ƙa'ida, liƙi na wanda ya ba da sauti ne. Tsakani da Allah, yau ka yi waƙa?"

Idi ya sauke kalangun daga kafaɗa, ya ajiye a gaban Datti.

"Maigida, ka yafe ni. In ka samu mai saye, ka sayar."