'Yar Aro

"Kowa ya tashi tsaye, ya faɗi abin da ya yi jiya," in ji ta cikin fara'a.

Babu wanda ya motsa. Fankar ofishin ma'aikatar ce kawai ke juyi, kamar ita ma ta gaji da rayuwa.

'Yar Aro suke ce mata, tun ranar da kamfanin manhajar da take wa aiki ya aiko ta nan, gwamnati kuma ta tura wa kamfanin nata injiniyan, wai a koyi aikin juna. A kamfani haka ake yi kullum da safe, a tsaya a tsaye don kada magana ta yi tsawo. Ba ta san cewa a nan mutum ba ya tsayuwa ya ba da bayanin aikinsa sai a gaban kwamitin ladabtarwa ba.

"'Yata, wa zai ji amsar?" in ji Hajiyar da ke shigar da bayanai. "Ke, ko waɗanda suka aiko ki?"

"Wallahi ni kaɗai, Hajiya."

"To jiya na sha shayi. Ki kai musu."

Aka yi dariya, wadda ba ta kai zuci ba. Abu ɗaya ya kawo 'Yar Aro nan: tsohuwar na'urar da ke ɗauke da bayanan haihuwar mutane tana gab da mutuwa, ana jiyo kukanta ta bayan ƙofa. In ta mutu kafin a kwashe su, shi ke nan. Makullin ɗakin kuwa yana aljihun shugaban sashe.

Ta same shi yana goge tabarau.

"Ranka ya daɗe, makullin nan dai."

"Ana dubawa."

"Tun zuwana ake dubawa. Na'urar nan zafi take yi kamar mai zazzaɓi!"

"Ta daɗe tana yi. Mun san halinta, ta san namu." Ya maida tabaran, ya ƙare mata kallo. "Jiya kin tambayi wanda ya fi daɗewa a nan. Yau kin tsayar da mutane. Gobe kuma sai mu ji an rage ma'aikata."

"Ni ba leƙen asiri na zo ba."

"Haka injiniyanmu ma yake faɗa a can kamfaninku. Kullum in ya tashi aiki sai ya biyo ta gidana. Mutumin da ya haɗa wayoyin ginin nan da hannunsa, kun ajiye shi kusa da firinta yana ƙirga ƙudaje. Abin da aka ba shi, shi za mu ba ki."

Ta fita baranda, ta kira Dogo, abokin aikinta a kamfani.

"Ya mutumin gwamnatin nan?"

"Yana nan, ba mu ba shi komai ba, kamar yadda kika ce kafin ki tafi. Kin san me ya yi? Wai ina ake sa hannu da safe! Kuma sai ya bi tebur tebur yana gaisuwa, har da tambayar iyali. Sunayenmu yake haddacewa, wallahi, ɗan haraji ne."

Ta runtse ido. Ita ce ta ce kada a ba shi komai, tana dariya, tana tattara kayanta.

"Gaisuwa ce kawai, Dogo. Haka suke yi. Ka buɗe masa komai yau, ka dawo da shi teburina."

Ta bayan ƙofa na'urar ta ci gaba da kuka.

"Ƙanwata," in ji Dogo, ya sassauta murya, "faɗa mini gaskiya. Me suka yi miki alkawari?"