Ƙofar Iya Baraka

"Wa ya ce ku sa ƙofar nan gabas?"

Amatullah ta ɗago, hannunta dumu-dumu da laka. Wata tsohuwa ce tsaye a kanta, riƙe da kwanon dambun da aka raba ɗazu, ko loma ba ta kai ba.

Ita Amatullah 'yar Faskari ce, tana kwaleji. Da aka yi hutu sai ta bi ɗalibai masu aikin sa-kai zuwa Nijar, wajen Maraɗi, inda mutanenmu da 'yan bindiga suka koro ke fama a bukkokin leda. Aikinsu su dafa su raba, su kuma gina ɗakuna ashirin kafin damina, don matan da aka kashe wa maza.

"Haka zanen ya zo, Iya."

"Zane! Ni Baraka, shekara hamsin ina aure a Yargoje, ban ga ɗakin da ya buɗe wa gabas baki ba. Ɗiyata, ta ina hadari ke tasowa a garinku?"

Kunya ta rufe Amatullah. Ta gabas mana!

* * *

Da Amatullah ta kai maganar wajen Malam Mas'ud, jagoran tafiyar, ko kallonta bai yi ba.

"Titi yana gabas. Masu tallafi in sun zo, ƙofofi suke son gani a jere su ɗauki hoto."

"Malam, hoton zai kwana a ciki ko Iya?"

"Ke dai ki tuna, ni ke sa hannu a takardar shaidarki."

To, kun ji fa. Yarinya ta koma bakin gini ta yi tsaye, don da takardar nan take sa ran samun aiki. Amma da ta tuna tsohuwar da aka raba da gida da miji, ga shi za a sa ta kwana a jiƙaƙƙiyar tabarma, sai ta sunkuya ta fara cire tubalin da ta jera.

Kamilu, ɗan ajinsu, ya naɗe hannun riga. "In kora ce a kore mu tare, dama mota ɗaya ta kawo mu."

Kafin azahar matan sansanin sun fito, masu ɗebo ruwa, masu kwaɓa ƙasa, har da guɗa. Malam Mas'ud ya iso yana huci, sai Iya ta miƙa masa igiyar awo.

"Riƙe mini nan, Malam. Tsayuwa ba aiki ciwon baya take sawa."

Ya dubi matan nan, ya dubi igiyar. Ya riƙe.

* * *

Bayan an gama ginin, ruwan farko ya zo wata rana da la'asar, da iska mai tuge leda. Ya yi ta dukan bangon gabas har ya gaji. Ɗakuna ashirin, ba wanda ya sha ko ɗigo.

Amatullah ta fake a ɗakin Iya, suna cin dambu kwano ɗaya.

"Iya, mi ya sa kika zaɓi kudu, ba yamma ba?"

Tsohuwa ta gyara zama a busasshiyar tabarmarta, ta zuba wa ƙofa ido.

"Gida can yake."