Kwanon da Aka Sace a Bikin Inna

Babban yayana Deshun yana da kujeru shida a falonsa na Shanghai, kuma babu wadda ake zama a kai. Idan na kai masa ziyara, wani ɗan bencin roba yake miƙo mini, in zauna ina kallon kujerun katakon da suka girmi kakan kakanmu, shi kuma yana zagaya su da tsumma mai laushi. Tangaran kuwa ba a magana: tuluna, farantai, butocin shayi, duk a bayan gilashi, kowanne da 'yar fitilarsa. Na sha gaya masa wannan ba gida ba ne, kurkukun kwanuka ne. Sai ya yi murmushi ya ce in janye gwiwar hannuna daga jikin kabad.

A cikin tarin nan akwai ɗan lelensa, wani ƙaramin kwanon shinkafa fari mai zanen shuɗi, da tsuntsaye biyu a kan reshe. Tun farkon zamanin sarakunan Qing na ƙasar Sin aka gasa shi a garin Jingdezhen, nan kusa da ƙauyenmu. Yaya ya daɗe yana bin wani tsoho da lallashi kafin ya sakar masa shi. In ya ƙyasta bakin kwanon da farce, rufe ido yake yi har ƙarar ta mutu, kuma kada wanda ya yi tari kafin nan.

Da Inna ta cika casa'in, mun yi mata biki a tsakar gidanmu na ƙauye. Tun da sassafe muke soya awara da kifi, an jera tebura har bakin titi. Ni na je kasuwa na sayo jajayen kwanuka masu arha kwando guda, domin kowa ya san yadda ake yi a bikin tsoho mai yawan shekaru: baƙo ya ci ya ƙoshi, sannan ya cusa kwanon a cikin rigarsa ya fice. Tsawon ran mai bikin yake sata ya kai gidansa. Masu gida sai su kau da kai, kuma in aka tashi biki ba a saci kwano ba, an yi abin kunya.

Yaya ya kwashe shekara arba'in a birni, ya manta da wannan tsaf. Da aka kawo doguwar taliyar Inna, wadda ba a yanke ta don alama ce ta tsawon rai, sai ga shi ya fito da akwati, ya buɗe auduga a hankali, ya ajiye kwanon tsuntsaye a gabanta.

"Inna, yau a wannan za ki ci. Babu wanda ya cancance shi sai ke."

Inna ta juya kwanon ta ce, "Ɗan ƙarami ne. Rowa ce ta kama ka a birni?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa gabana ya faɗi, don duk kwanukan wurin ba wanda ake haƙo kamar wanda mai bikin ta ci a ciki. Na ja hannun rigarsa. "Babban Yaya, kada ka ɗaga daga nan."

"Haba Meifeng, a gaban Inna wa zai taɓa?"

Kafin in rufe baki, dattawan dangi suka janye shi zagayen tebura a yi masa barka. Ni kuma aka ƙwala mini kira daga kicin, wai kifi na ƙonewa. Da na dawo, Inna na zaune tana sakace haƙori, teburin gabanta wayam.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba. Yaya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗaga mayafin tebur, har ya leƙa cikin kwandon shara. Baƙi kuwa suna ta fita da ƙirji a kumbure, kwanuka na ƙaras-ƙaras a cikin riguna, kowa na yi masa sallama da fara'a.

"Inna, wa ya ɗauka?"

"Ni na ga wani? Idona ya tsufa." Ta nuna shi da tsinken sakace. "Kuma kada in ji ka tambayi kowa. Ka taɓa jin an bi mutum gida an ce ya dawo da tsawon ransa?"

Washegari da hantsi muka cika tire da waina mai siffar 'ya'yan itace da ta rage daga biki, muka shiga gida-gida da sunan godiya. Ni ke gaisuwa, shi ke leƙe-leƙe. A wani gidan ya ce ƙishi yake ji don kawai a buɗe kabad. A wani ya bi kare har bayan ɗaki ya duba abin da ake zuba masa abinci. Shayin da ya sha a ranar ya isa a yi wanka. Na tausaya masa, gaskiya, amma dariya ta hana ni nunawa.

Muna shiga lungun ƙarshe sai muka ji wata 'yar ƙara daga gidan Kawu Pei, tsohon maƙwabcinmu: ƙas, ƙas, ƙas. Yaya ya tsaya cak. Ya san muryar kwanonsa ko a cikin dubu. Ya jefar da tire ya afka ciki.

Kawu Pei na zaune a bakin ƙofa, ya matse kwanon tsakanin gwiwoyinsa, da ƙusa a hannu ɗaya da 'yar guduma a ɗayan. A ƙauyenmu kowane gida yana tsattsage sunansa ɗigo-ɗigo a cikin kwanukansa, saboda aron da ake yi lokacin biki, kada naka ya ɓace a gidan wani. Sunan Pei kuwa harafi ne mai rassa da yawa, kuma tsohon ya riga ya yi kusan rabi. Matarsa, Gwaggo Rao, na tsaye a kansa da hannu a ƙugu tana ba da umarni.

"Kawu!" Muryar Yaya ta fito kamar ta ɗan akuya. "Tsaya! Don girmanka, tsaya!"

Gwaggo Rao ta dube shi sama da ƙasa. "Af, ɗan birni. Ka zo ganin ɓarauniya? To ga ni. Matan gidan Dai su uku suka kai hannu, na riga su da wannan ƙafar tawa mai ciwo."

"Gwaggo, kwanon nan... shekararsa ta haura ɗari uku."

Ta tafa hannu. "Ɗari uku bai fashe ba? Tsoho, ka ji? Ashe shi ma mai tsawon rai ne! Na yi sata mai kyau."

"Zan kawo miki wani. Goma ma. Masu ruwan zinariya a baki."

"Uwarka ta ci taliya a cikinsu?"



Ta zauna a kan turmi, ta rage murya. "Deshun, a shekara ɗaya aka kawo mu garin nan aure, mu bakwai. Yanzu saura ni da uwarka. Kullum da yamma muna zama a ƙofar gidanku, ta ce miyata ba gishiri, in ce surukarta ta fi ta iya girki. Ita ƙarfe ce, za ta kai ɗari. Ni kuwa bana ƙirjina ba ya mini daɗi. In na riga ta tafiya, da wa za ta yi faɗa? Kai za ka baro kujerunka ka zo ka zauna da ita?"

Hawaye suka cika mini ido, na ji haushin kaina. Yaya kuwa ya tsaya yana kallon kwanon. Kawu Pei, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ɗauka an gama magana, ya sake ɗora ƙusa ya ɗaga guduma. 

Yaya ya cafke hannun tsohon. "Kawu, wannan ƙusar ta dakushe, kuma kana bugu da ƙarfi. Tangaran ɗin siriri ne, saura kaɗan ka raba shi biyu." Ya juyo gare ni. "Meifeng, samo mini sabuwar ƙusa da tawul."

Ya zauna a ƙasa da wandonsa na birni, ya naɗe tawul ya ɗora kwanon a kai, ya sa tabarau. Sai ya fara, ɗigo bayan ɗigo, a hankali, gumi na zuba daga goshinsa. Duk bugu ɗaya sai ya runtse ido kamar a jikinsa ake yi. Maƙwabta suka taru a bakin ƙofa suna ba shi shawara, Gwaggo Rao na korarsu da tsintsiya kada su tare masa haske.

Da ya gama ya hure ƙurar, ya ɗaga kwanon sama ya duba ta ko'ina. Babu tsaga ko ɗaya. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Gwaggo, ki ci a cikinsa kullum. Amma da ruwan ɗumi za ki wanke, kuma ban da soson ƙarfe."

Ta duba sunan, ta gyaɗa kai. "Rubutunka ya fi na tsohon nan kyau." Sai ta leƙa tukunya, ta cika kwanon da kunun shinkafa, ta nufi ƙofa tana ɗingishi.

"Ina kuma za ki, Gwaggo?"

"Ƙofar gidanku mana. A gaban uwarka zan sha, ta gani da idonta."