Allura a Buhun Robobi

Auta ce ta kawo tsarin raba shara a gidan, kuma ta sha surutu kafin ya zauna. Koren bokiti na ɓawo da ragowar abinci, wanda take juyewa a ramin taki a bayan gida. Buhu na robobi da gwangwanaye. Baƙin bokiti na sauran tarkace. Sai wani gwangwanin madara mai murfi a ɗakin Baba, inda yake jefa allurorin da yake yi wa kansa saboda ciwon suga. Baba yakan ce duk aikin gwamnatin da ya yi bai ga ofis mai dokoki kamar kicin ɗin 'yarsa ba, amma dai yana bi.

Buhun robobin Inna Mai Roba ke ɗauka. Dattijuwa ce mai ƙarfin hali, takan zo da safe da amalankenta, ta zauna a bakin ƙofa ta ware masu kyau ta kai wa masu narkawa. A wasu gidajen da sanda take tona shara, amma buhun Auta hannu take zurawa kai tsaye, don ba ta taɓa samun ƙazanta a ciki ba.

Ran nan Auta na shirin fita wurin aiki ta ji Inna ta ja numfashi da ƙarfi. Ta leƙo. Inna na riƙe da ɗan yatsanta, jini ya taru a kansa. A gabanta ga gorar ruwa marar murfi, ga allura tsirara a ƙasa.

"Ba komai, 'yata," in ji Inna. "Ƙaya ma ta fi wannan zafi."

"Kada ki tsotsa, Inna. Taho nan."

Ta ja ta bakin famfo, ta wanke mata yatsan da sabulu. Akwai abin da ta sani wanda Inna ba ta sani ba. Ban da suga, Baba na da ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri, ko ƙannensa ba su sani ba, don ba ya so a fara ware masa kofi da cokali.

Ta same shi zaune a bakin gado yana sauraren rediyo. Ta kashe.

"Baba, allurarka ta soki Inna Mai Roba."

Ya ɗago a hankali. Ya ce murfin gwangwanin ne ya ƙi buɗuwa jiya, yatsunsa suka gaza, sai ya jefa allurar cikin gora da niyyar gaya mata, ya manta. Auta ta tuna ita da kanta ta ɗauki gorar lokacin shara, ta jefa a buhu ba tare da ta duba ba.

"Sai na faɗa mata, Baba."

"Ki kai ta asibiti, ki gaya wa likita shi kaɗai."

"Ba za ta bar aikinta ta bi ni ba in ba ta san dalili ba. Ga ta can tana ɗaure buhu."

Daga waje suka ji an jefa buhu a amalanke, tayar ta fara ƙara. Auta ta juya za ta fita, ko ya yarda ko bai yarda ba.

"Tsaya," in ji shi. "Miƙo min sandata."

Har Inna ta kai kwanar layi Auta ta kira ta ta dawo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, maƙwabciya na shanya a tsallaken katanga, bai kuwa rage murya ba. Ya faɗi sunan ciwon, ya ce allurar tasa ce, ya ce laifin nasa ne.

Inna ta daɗe tana kallon yatsanta.

"Marayu ne a hannuna, Malam," ta ce. Ta tura amalanken cikin gidan, ta gyara mayafinta, ta bi Auta.

A asibiti layi ya kai har baranda. Auta ta ratsa ta yi wa nas bayani, ana ta harararta, aka shigar da su. Likita ya tambayi Inna ko an taɓa yi mata rigakafin ciwon hanta, ta ce ba ta sani ba. Aka ɗebi jininta, aka yi mata allurai. Ya ce sun kyauta da suka zo da wuri, amma ba zai ba su tabbaci ba sai bayan wasu watanni, in an sake gwaji. Nas ta ba Auta wani akwatin roba mai ƙaramin baki, wanda allura ke shiga ba ta fita, ta ce in ya cika a dawo musu da shi.

Watannin nan sun yi wa gidan nauyi. Inna ta daina zuwa ɗaukar buhu, robobi suka taru a lungu. Maƙwabciya ta daina aiko wa Baba gaisuwa. Duk ranar komawa asibiti Auta kan je har gida ta ɗauki Inna, su tafi su dawo, maganarsu ba ta wuce ta hanya.

Ranar sakamako likita ya duba takardar, ya ce jinin lafiya lau. Inna ta fito ta zauna a kan benci, ta ce a ba ta ruwa. Ta shanye, ta goge baki da gefen mayafi.

"Ki ce wa mahaifinki na gode da ya fito da kansa," ta ce. "Amma ki gaya masa ban gama hucewa ba tukuna."